Muhawara: Sabbin robobin da ake ganowa, wace ce za ta yi mana amfani a Katsina?

Ɗalibar Poli: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani bidiyo ke ta yawo, wai an gano wata roba a Amurka da ta fi ƙarfe ƙarfi, har ana cewa za a riƙa gina gada da ita. Malam, da gaske ne ko irin labaran nan ne na neman mabiya?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Akwai ƙamshin gaskiya, amma an zuba gishiri. Labarin ma ba sabo ba ne, tun Fabrairun 2022 ne. Masu bincike a jami'ar MIT, ƙarƙashin Farfesa Michael Strano, suka fitar da wata roba da suka sa wa suna 2DPA-1. Robar da muka saba gani, ƙwayoyinta dogayen zare ne a cukurkuɗe, iska na samun hanya a tsakaninsu. Ita wannan a shimfiɗe ƙwayoyinta ke haɗuwa, falle bisa falle, shi ya sa iska ba ta ratsa ta. Sun ce ƙarfin da za a sa kafin ta karye ya ninka na ƙarfe sau biyu, nauyinta kuma kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyin ƙarfe. Sai dai abin da suka yi ɗan siririn falle ne a ɗakin gwaji. Amfanin da ya fi kusa shi ne a shafa ta a jikin ƙarfen mota ko bayan waya, ta hana tsatsa da ƙarcewa. Batun gada kuwa, da sauran rina a kaba.

Mai Injin Niƙan Roba: Malam, ni ƙarfinta bai dame ni ba. Ka faɗa mani, tana narkewa? Don mu nan abin da muke ci ke nan. Yara 'yan gwangwan su kawo fasasshen baho, bokiti, kujera, jarka, buta. Mu ware kala-kala, mu niƙa, mu wanke, mu shanya, a loda mota sai Kano, masana'antun Sharaɗa da Challawa su narka su sake fitar da wani bokitin. Amma akwai wadda ko kyauta ba a karɓa: soket, makunnin wuta, hannun tukunya, allon cikin rediyo, da farantin nan mai tauri da ba ya lanƙwasa. In ka sa masu wuta sai dai su yi baƙi su ƙone. To in sabuwar irin wannan ce, bola kawai aka ƙara mana.

Malamin Kimiyya: Alhaji, ka taɓo inda maganar take. Roba gida biyu ce. Gida na farko kamar man shanu yake, ya narke a wuta, ya daskare in ya huce, ka sake narkar da shi gobe. Gida na biyu kamar ƙwai ne, in ya dahu ya dahu, ba ya komawa ruwa. Baho da jarka da leda 'yan gidan farko ne. Soket da hannun tukunya 'yan gida na biyu, don a lokacin da ake gasa su zaren ƙwayoyinsu ke ɗaure juna ta ko'ina. Wannan ɗaurin ne ya ba su juriyar zafi, shi ne kuma ya hana ka cin kuɗinsu.

Abin mamaki, robar farko da ɗan Adam ya haɗa gaba ɗaya daga sinadarai 'yar gida na biyun ce. Bakelite, wadda Leo Baekeland, haifaffen Beljiyam mazaunin Amurka, ya haɗa a 1907. Tsofaffin wayoyin tarho baƙaƙe da akwatunan rediyo na da, da ita aka yi su. Tun daga lokacin ake neman yadda za a kwance wannan ɗauri.

Shi ya sa labarin da ya fi burge ni ba na MIT ba ne, na kamfanin IBM ne a 2014. Wata mai bincike, Jeannette García, a ɗakin gwajinsu da ke Kalifoniya, tana haɗa sinadarai sai ta manta ba ta zuba ɗaya daga ciki ba. Da ta dawo ta iske wani farin abu ya daskare a ƙasan kwalbar, ya riƙe ɗan ƙarfen da ke motsa ruwan gam. Sai da ta fasa kwalbar da guduma, shi kuwa abin bai fashe ba. Da suka bincika suka ga sabon dangin roba ne, ana ce mashi PHT, suna yi mashi laƙabi da Titan. Ɗan gida na biyu ne, ga tauri ga rashin nauyi, amma in aka jiƙa shi a asid mai ƙarfi, irin wanda ke cikin ruwan batir, sai ɗaurin ya kwance, a kwashe sinadarin a sake amfani da shi. Sun kuma samu wata 'yar uwarta mai danƙo, Hydro, wadda in ka yanka ta biyu ka haɗa sai ta manne da kanta.

Mai Injin Niƙan Roba: Ruwan batir? Malam, yaran da ke mani aiki ko safar hannu sai na yi faɗa suke sawa. Ka ce in aje masu duron asid?

Malamin Kimiyya: A'a, wannan ba aikin bayan gida ba ne, na masana'anta ne. Naka shi ne tarawa da warewa. Abin da ya canza shi ne kayan da ba su da mai saye za su iya samun mai saye.

Mai Haɗa Sola: Ni da na ji wannan sai Lambar Rimi ta faɗo mani a rai. Duk wanda ya bi hanyar ya ga injinan iskar nan guda 37 da aka kafa don su ba da megawat 10. Fikafikan irin waɗannan injina ba da ƙarfe ake yinsu ba, zaren gilashi ne ake cuɗawa da gam na gida na biyun da Malam ya faɗa, dangin Araldite ɗin da muke haɗa kala biyu mu liƙe abu. A Turai da Amurka, in fikafikan sun tsufa, da yawa binne su ake yi ko a sassare, don ba su narkewa. A 2021 kamfanin Siemens Gamesa ya fito da fiffiken da za a iya jiƙawa a asid mai sauƙi, gam ɗin ya saki zaren. Ka ga tunanin ɗaya ne da na IBM. Kuma ba a injin iska kaɗai ba, jirgin Boeing 787 kusan rabin nauyin jikinsa irin wannan haɗin ne na zare da gam.

Malamin Kimiyya: Haka ne Injiniya. A Faransa ma Ludwik Leibler da mutanensa sun fito da wani dangi a 2011, wanda in an ɗumama shi ɗaurin ke sauya wuri ba tare da ya tsinke ba, sai a iya lanƙwasa shi ko a liƙe tsagar da ya yi. A 2019 kuma wani ɗakin bincike a Berkeley ta Amurka ya fitar da wata roba mai suna PDK, ita ma asid ke warware ta, har launin da aka zuba mata ya rabu da ita.

Dattijon Zaure: Ina karanta ku. 2011, 2014, 2019, 2022. To ina suke? Na shiga Babbar Kasuwa ban ga Titan ba, ban ga Hydro ba, bokitin jiya ne dai ke fashewa in ya sha rana. Mu da muka tashi da ƙwarya da akushi da tulu da faifai, in sun lalace ƙasa ce ke cinye su, babu mai neman asid. Aka zo aka ce roba ta fi, muka watsar. Yanzu an dawo ana nema mana robar da za ta ruɓe kamar ƙwarya. Allah ya kyauta.

Ɗalibar Poli: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ai ba a yin bututun fanfo da ƙwarya, ko sirinji, ko ledar ƙarin ruwa a asibiti.

Dattijon Zaure: 'Yata, ban ce a yi ba. Tambaya na yi, ina suke?

Malamin Kimiyya: Baba, ranka ya daɗe, tambayarka a kan hanya take. Tsakanin ganowa da shiga kasuwa akwai tafiya. Robar da ake leda da jarka da ita, a 1933 aka ci karo da ita a kamfanin ICI na Ingila, ita ma ba da niyya ba, amma sai 1939 aka fara yin ta da yawa, kuma sojoji suka fara cin moriyarta wajen naɗe wayoyin na'urar hango jiragen sama a Yaƙin Duniya na Biyu. Teflon, wanda ke hana abinci kamawa a kasko, Roy Plunkett ya gano shi a 1938, bai hau jikin kaskon suya ba sai bayan 1950. Kevlar na rigar sulke, Stephanie Kwolek ta gano shi a 1965, ya shiga kasuwa bayan 1970. Waɗannan ma su ne suka yi sa'a. Da yawa a takarda suke ƙarewa, don tsohuwar roba ta yi arha ƙwarai, duk sabuwar da ta zo sai ta kara da ita a farashi.

Kuma akwai dalilin da zai sa a bi a hankali. Wani sinadari da aka daɗe ana amfani da shi wajen haɗa Teflon, PFOA, ya gurɓata ruwan sha a wani yanki na Amurka, har a 2017 kamfanonin DuPont da Chemours suka amince su biya dala miliyan 671 ga dubban mutanen da suka kai ƙara. Shekaru da dama aka yi kafin maganar ta fito fili.

Dillalin Hatsi daga Daura: Ku gafarce ni in shigo. Baba yana tambaya ina suke, ni kuwa akwai wadda ke cikin sito na yanzu haka. Ba sabuwar roba ba ce, sabuwar dabara ce da tsohuwar roba. Buhun PICS nake nufi, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu ɗaya a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007, musamman don wake. Ka zuba wake busasshe, ka matse iska, ka ɗaure ledar farko, ka ɗaure ta biyu, ka ɗaure buhun. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su mutu. Ba hoda, ba ƙwayar magani, ba warin nan da ke sa mai saye ya shinshina ya tura maka kayanka. Da, in ka sayi wake da kaka a Mai'adua, ko ka sayar da wuri a faɗuwar farashi ko ka zuba guba. Yanzu sai ka aje har bazara.

Matsalarsa ɗaya, huda. Ɓera ya taɓa, ko ɗan dako ya ja shi bisa ƙusa, shi ke nan iska ta shiga, ba ka sani ba sai ranar buɗewa. To da Malam ya ambaci robar da ke manne kanta da wadda iska ba ta ratsawa, sai na ce ga inda za su yi mana rana. Ni ban nemi gada ba. A ba ni ledar buhu da ƙaramar huda ba ta kashe ta.

Mai Haɗa Sola: Alhaji ka gama magana. Ni kuma a ba ni wadda ke jure ranar Katsina. Bututun ban-ruwa da muke shimfiɗa wa 'yan noman rani a Jibiya da Zobe, da akwatin da muke rufe mahaɗar waya, rana ce ke cinye su, ba aiki ba. Akwai wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, shi ke tsinka zaren robar, sai ka ga ta yi fari ta fara marmashewa. Dalilin da ya sa baƙin tanki da baƙin bututu suka fi daɗewa ke nan, ana zuba masu baƙar hodar kabon, kamar kashi 2 cikin 100, ita ke tare hasken. Masu son arha su rage hodar ko su cika tsohuwar roba, mai saye ba ya ganewa sai bayan shekara.

Mai Injin Niƙan Roba: Injiniya, kar ka ɗora mana laifi. Mu niƙa muke, ba mu ke haɗawa ba. Amma gaskiya ne, duk narkawa tana rage mata ƙarfi, shi ya sa ake gauraya ta da sabuwa.

Mahauci: Duk kun tafi sama. Ku sauko ƙasa ku zo mahauta da safe. Akuya ko saniyar da ta yi kiwon gari, ka buɗe tumbinta ka ciro dunƙulen leda a murɗe da igiya, wani sai da hannu biyu. Dabba tana ci ba ta ƙiba, mai ita na ta sayen dusa da magani, ashe cikin ne ya cushe. Kuma da damina ku duba magudanun ruwa daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, ledar fiya wata ce da baƙar leda. Wannan ba Titan ba ne, ba ta buƙatar ƙarfi. Ni robar da za ta ɓace nake nema.

Ɗalibar Poli: Kawu, akwai wadda aka yi a Japan. Cibiyar RIKEN, ƙarƙashin Takuzo Aida, ta sanar a ƙarshen 2024. Tana narkewa a ruwan teku cikin 'yan awoyi.

Mahauci: To sai a jawo mana teku daga Legas.

Ɗalibar Poli: Kawu ka bari in ƙarasa mana. Gishirin ruwan ne ke kwance ta. Sun ce a cikin ƙasa ma falle ɗaya ya ruɓe cikin kamar kwana 10, ya bar sinadaran da ke cikin takin zamani. Kuma a Japan ɗin dai, a 2016, an gano wata ƙwayar halitta a wurin tara robobi a birnin Sakai da ke cin robar gorar ruwa.

Malamin Kimiyya: Tana ci, amma da yanga. Siririn falle ya ɗauke ta kusan mako shida. Abin da ake yi yanzu shi ne a ɗauko sinadarin da take narkar da robar da shi a ƙara mashi kaifi, kamfanin Carbios na Faransa na kan wannan. Ita kuma ta RIKEN, ki tuna abin da gishiri ke narkarwa sai an yi mashi rufi kafin a zuba miya a ciki.

Hajiya Mai Abinci: Yauwa, an zo wurina. Malam, ni tambayata ta yau ce, ba ta shekara goma ba. Koko a leda, alala a leda, miya mai zafi a leda, kunu a tsohuwar gorar lemo. Masu saye haka suke so, in ka ce su zo da kwano sai su wuce gaba. Wace roba ce ba ta da illa da zafi?

Malamin Kimiyya: Hajiya, ki juya ƙasan mazubin, akwai lamba a cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Lamba 5 ita ta fi jure zafi, da ita ake yin robobin abinci masu murfi. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da lemo, an yi ta don sanyi, ki zuba mata tafasasshen ruwa ki ga yadda take motsewa. Lamba 3 ta bututu ce, lamba 6 kuma ita ce farar nan mai kumfa ta tekawe, ba ta son mai da zafi. Baƙar leda kuwa sau da yawa daga tsofaffin robobi ake yin ta, ba wanda zai ce maki ga abin da ke ciki, kada abinci mai zafi ya taɓa ta. Alala a gwangwani ko ganye ya fi. Kuma don Allah a daina hura gawayi da leda.

Hajiya Mai Abinci: Gwangwani sai an wanke, Malam, ruwa kuma saye muke. Na ji dai. To wadda ake cewa ana yi da masara fa?

Dillalin Hatsi daga Daura: Hajiya rufa mana asiri. Masarar da ba ta ishi tuwo ba ita za a kai a yi leda?

Malamin Kimiyya: PLA ke nan, daga sitacin masara ko rake. Akwai ta a kasuwannin duniya tun tuni. Aibinta biyu a wurinmu. Tana fara laushi a zafin da bai wuce digiri 60 ba, motar da aka kulle a rana a watan Afrilu na iya kai ta can. Sannan ba ta ruɓewa don an yar a bola, sai a wurin haɗa taki na musamman mai zafi da danshi. Amma maganar Alhaji ba ta rufe ƙofa ba, ba dole sai da ƙwayar hatsi ba. Ana binciken yin roba daga kara da ɓawo da sauran abin da gona ke bari.

Dillalin Hatsi daga Daura: Karan ma yanzu kuɗi ne, masu dabbobi na rububinsa. Ba abin da gona ke bari a nan.

Shugaban Zaure: Ina ganin muna haɗa abu biyu. Robar masana'antu daban, ledar cefane daban. Ta biyun wasu doka suka sa mata: Ruwanda tun 2008, Kenya a 2017, Legas ta hana farar robar tekawe a Janairun 2024. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa daga cikin sharar robar da duniya ta tara zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 kawai aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, sauran na jibge. Sabuwar roba ba za ta kwashe wannan ba.

Mai Injin Niƙan Roba: Shugaba, in an hana leda a nan, mai fiya wata da mai koko su koma ina? A fara sa mata kuɗi tukuna. Ba ka ganin gorar lemo na kwana a titi yanzu, don akwai mai saye. Ledar fiya wata ma ana saye, amma sai ka tara buhu nawa kafin ta yi kilo? Yaro ya gwammace ya ɗauki ƙarfe. Kuma mu kasuwarmu tana bin farashin sabuwar roba. Indorama na yi a Eleme kusa da Fatakwal, matatar Dangote ma ta fara fitar da irin ta buhu da kujera a 2025. In sabuwa ta yi sauƙi, masana'anta ta rage sayen tamu. In ta yi tsada, waya ba ta barin mu barci.

Mai Haɗa Sola: Wato kai addu'arka kullum ta yi tsada.

Mai Injin Niƙan Roba: Kai ma ai ba ka roƙon a gyara wuta, Injiniya.

Dattijon Zaure: Kun ga, gaskiya ta fara fitowa.

Ɗalibar Poli: Malam, to mu ɗalibai fa? Muna da Poli a nan, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ga ta Dutsin-Ma, ga Poli ta tarayya a Daura. Ba mu da kayan aikin IBM. Me za mu iya taɓawa a aikin kammala karatu?

Malamin Kimiyya: Gwaji. Ki sayo bututu da buhu da ledar rufe kaya iri-iri daga kasuwa, ki shanya su a rana daga Maris zuwa Mayu, kowane mako ki yanki kaɗan ki rataya mashi nauyi ki ga inda yake tsinkewa. Ki rubuta. Wannan bayani ne da Injiniya da Alhaji za su yi aiki da shi gobe, kuma duk wanda zai kawo mana sabuwar roba da irin wannan ma'auni za mu tare shi. Wasu na narka leda da yashi su yi bulon daɓe, shi ma yana son a auna ƙarfinsa da irin hayaƙin da masu yi ke shaƙa.

Mai Injin Niƙan Roba: In za ki yi, 'yata, fara da koyon warewa. Ki cika baho da ruwa ki zuba niƙaƙƙiyar roba. Ta jarka da ta bokiti da murfin gora za su taso sama, ta gorar lemo da ta bututu su nutse. Wahalar tana wurin biyun da suka nutse, don 'yar ta bututu kaɗan in ta shiga cikin ta gora, ta ɓata lodin gaba ɗaya, a maido maka da kaya daga Kano kuma kai za ka biya mota. Abin da nake so Malam ya bincika mani ke nan: waɗannan sababbin, in sun iso, sama za su taso ko ƙasa za su yi? Kuma wace lamba za a buga masu?

Malamin Kimiyya: Duk wadda ba ta cikin shidan farko, 7 ake buga mata.

Mai Injin Niƙan Roba: To 7 ɗin nan ita ce ba mu saye.

Hajiya Mai Abinci: Alhaji, tunda kana nan, ina da buhu biyu na gorar lemo a bayan shago. Ka turo yaro bayan la'asar, amma ya zo da sikelin kirki.